Amsa ga malamar da ta tambaya ko kalmomin aro da sara sun cancanci hawa allo

Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Tambayarki kamar yadda na fahimta ita ce kina koyar da 'yan aji biyar da shida a firamare, kin ɓullo da wani tsari na rubuta musu kalma ɗaya kullum da safe a gefen allo tare da ma'anarta, a ƙasanta kuma ki sa wani abin tarihi da ya faru a irin wannan ranar ko sunan wani babban mutum da aka haifa, sai wani abokin aikinki ya ce ki daina sa kalmomi irin su mota da asibiti da kwabo dan ba Hausa ba ne aro ne, sara kuwa, wato kalmomin yayi irin na samari, kada ma ki kusance ta dan ita ke kashe harshe. Shi ne kike tambaya wai haka ne, in kuma haka ne a ina zaki samo kalmomin asali.

Toh ni dai na haura shekara ashirin ina koyar da Hausa, daga sakandare har kwalejin horar da malamai, kuma abin da zan fara ce miki shi ne dan Allah kada ki goge ko ɗaya daga cikin kalmomin nan. Abokin aikin naki kishin harshe ne ya sa shi magana kuma kishin abu ne mai kyau, sai dai inda ya ɗora yatsa ba nan ciwon yake ba, zan zo kan inda ciwon yake daga baya. Abin da nake so ki fara gani shi ne layuka biyun nan da kike rubutawa a allo, na kalma da na tarihi, a wurin Bahaushe ba abu biyu ba ne, kalmar ita kanta tana ɗauke da kwanan wata a cikinta, in kika fasa ta zaki tarar da shekarar da ta shigo da mutanen da suka kawo ta.

Ki fara da ranar da kike rubutawa a saman allon ma. Lahadi, Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a, Asabar, babu ko ɗaya da ba daga Larabci ta zo ba, biyar ɗin farko ma ƙirga ne kawai na ɗaya zuwa biyar a Larabce. In za'a bi shawarar cire aro kinga ko kwanan wata ba zaki iya rubutawa ba kenan. Kuma ki lura da wani abu da yara ke jin daɗinsa sosai in an nuna musu, wannan "al" da Larabawa ke sawa a gaban suna, kakanninmu da suka ji kalmomin a bakin malamai da fatake sai suka haɗiye ta tare da kalmar gaba ɗaya, shi ya sa muke da albasa da alkama da alƙalami da alƙali da allura da aljihu da almakashi da allo da almajiri da alheri. Wani wurin kuma "a" ɗin ta faɗi "l" ta tsaya ita kaɗai, shi ne littafi da liman da labari da lafiya da lahira da laifi da lissafi da lokaci. Wa zai tsaya yau ya ce wa tsohuwa a ƙauye lafiya ba Hausa ba ce, alhali da ita take buɗe baki kowace safiya? Haka ƙirga, daga ɗaya zuwa goma namu ne, amma ashirin da talatin da arba'in har casa'in duk na Larabci ne, sun zo sun ture tsohon ƙirganmu na gomiya biyu, gomiya uku, wanda yanzu sai jefi-jefi kike ji a bakin tsofaffi. Akwai ma metan da arbaminya da hamsaminya, wato 200 da 400 da 500, su kuma sun shigo sun yi zamaninsu suna kan hanyar fita, yawancin ɗalibaina in na tambaye su hamsaminya nawa ne sai su yi shiru.

Ba Larabci kaɗai ba. Ta gabas Barebari sun ba mu sarautu irin su galadima da ciroma da yarima, kuma masana na ganin kasuwa da rubutu ma ta Borno suka biyo kafin su iso mu, kasuwa asalinta kalmar Larabci ce ta suƙ amma sai da ta kwana a bakin Barebari tukunna. Ta arewa Buzaye, ana danganta raƙumi da takobi da takarda da su. Fulani sun shigo mana har cikin ɗaki, baffa da goggo da kawu duk nasu ne, ga kindirmo. Ta kudu kuma Yarbawa, ashana da agogo da akawu da keke da gwanjo, kuma kalmomin Turanci da dama ma ta bakinsu suka biyo kafin su zo mana dan su suka riga mu cuɗanya da Bature a bakin teku, titi na cikinsu, kwabo ma haka.

Bari in tsaya a kan kuɗi dan nan ne na fi son in kai ɗalibai, kuma in da ni ne ke da allon nan da shi zan cika sati guda. Kalmar kuɗi ita kanta jam'in wuri ce, wato ɗan farin ƙwanson nan na teku da ake ciniki da shi kafin zuwan Turawa, wuri ɗaya, kuɗi da yawa. Da Turawa suka kawo nasu sai muka samu anini da ɗari, wato rabin kwabo, da kwabo da taro da sisi da nai da sule da fataka da fam. Kwabo daga sunan jan ƙarfe ne a Turanci, sisi kwabo shida ne, nai kwabo tara, sule kwabo goma sha biyu, fam kuma sule ashirin. Ran 1 ga Janairu 1973 aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma, amma bakin mutane bai bi takardar gwamnati ba. Kakata Allah ya jiƙanta har ta bar duniya ba ta taɓa cewa naira ɗaya ba, ina ganinta yanzu a idona zaune kan tabarma a ƙofar ɗakinta da farantin ƙuli-ƙuli a gabanta, ta kwance bakin zaninta ta zaro kuɗi a ƙulle ta miƙo min ta ce ungo sule goma, je ka sayo min kananzir na fam guda ka ce sauran sule goman zan aiko gobe. Ita a lissafinta daidai take ɗari bisa ɗari, naira ɗaya ta ba ni, kananzir na naira biyu take so. Haka jaka, a da fam ɗari ne ke cika jaka, shi ya sa har yau a kasuwar dabbobi da ta hatsi in dattijo ya ce jaka yana nufin naira 200, jaka biyar dubu ɗaya kenan. Da aka fito da takardar naira ashirin a 1977 mai hoton Janar Murtala Muhammed, wanda aka kashe ran 13 ga Fabrairu 1976, sai takardar ta ci sunansa, a ce ba ni murtala biyu. Yau sisi da anini babu wanda ya taɓa riƙe su a cikin yaranki amma kowannensu ya iya cewa ba ni da ko sisi, ko anini ban samu ba. Kinga kalmar ta fi ƙarfen daɗewa. Kuma in kika rubuta kwabo a allo ai kin samu layin tarihinki a kyauta, dan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a watan Janairu 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, kuma kwabo ɗaya ake sayar da ita, daga nan sunan ya yi armashi.

In kika tsallaka Nijar kuma wani lissafin ne. Na taɓa sauka a tashar Maraɗi da sassafe na zauna kan bencin mai shayi, ya haɗa min kofi guda da guntun burodi, da na tambayi kuɗin shayin ya ce dala ashirin, direban da muka zo tare ya ajiye masa ƙwandala ɗaya ta sefa 100 shi kenan magana ta ƙare. A can dala ɗaya sefa biyar ce, duk ƙirgan kasuwa da ita ake yi, jika kuma sefa dubu ce ba 200 irin tamu ba. Ita wannan dalar sunanta ya samo asali ne daga tsohuwar azurfar nan ta ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Tereza da fatake ke ketowa da ita ta Sahara, tushensu ɗaya da dalar Amurka. 'Yan'uwanmu na can dan Faransa ce ta mulke su sai suka ari nasu daga Faransanci, makarantar boko lakwal, malaminta mushe, babbar mota kamyo, wutar lantarki kuran, lasisin tuƙi farmi. Bahaushen Damagaram da na Zariya uwa ɗaya uba ɗaya ne a harshe, amma daga kalmomin aronsu kaɗai zaki gane wane Bature ne ya sauka a garin kowa.

Abin da ke sa na ce waɗannan kalmomi Hausa ne ba wai dan mun daɗe da su ba ne kawai, a'a dan harshen ya tauna su ne ya mayar da su kamanninsa. Bahaushe ba ya son baƙaƙe su cunkushe babu wasali a tsakani, kuma ya fi son kalma ta ƙare da wasali, shi ya sa muka samu asibiti da bokiti da burodi da birki da benci. Wasu sautukan Turawa ba mu da su sai muka musanya da namu, fasinja da famfo da fakiti da fenti, direba da talabijin. Sannan muka ba kowace jinsi, mota ce, tebur ne, muka yi mata jam'i irin namu, motoci, direbobi, lauyoyi, sojoji, hafsoshi, kantuna, asibitoci. Je ki ce wa Bature hafsoshi ki gani ko zai gane kalmarsa ce ta ofisa. Biyu daga ciki sun fi burge ni. Ta farko bakanike. Kalmar ta shigo ne da "ma" a farkonta, makaniki, amma kunnen Bahaushe ya ji kamar irin su Bakano da Bakatsine da baduku, sai ya gyara ta ta koma bakanike, ya yi mata jam'i kanikawa kamar yadda ake cewa Kanawa da dukawa. Ta biyu canji. Mun karɓe ta a matsayin suna, sai harshen ya duba ya ga ai tana kama da sunayen da ake cirowa daga aikatau, sai ya ƙera mata aikatau irin namu, canza, na canza, ta canzu, ya canzo. Wannan ba aikin baƙo ba ne, sai ɗan gida ake yi wa haka. Wani lokacin ma ba ma ara sai mu miƙa tsohuwar kalma ta rufe sabon abu, jirgi na ruwa ne tun asali, da dogo ya iso Kano a 1911 sai ya zama jirgin ƙasa, daga baya ga jirgin sama. Kuma mu ma mun bayar ba karɓa kaɗai muke ba, a Gana unguwannin da ake kira zongo zangonmu ne, abincinsu na wace daga wake ne, ga tuwon zafi da koko da ƙosai duk da sunayensu suka tafi, a kudancin Najeriya kuwa wahala da suya da aboki sun zama na kowa.

Sai maganar sara. Nan ma ban yarda a ce a rufe mata ƙofa ba, sai dai a tace dan yara ne, akwai ta batsa da ta 'yan shaye-shaye wadda ba ta da wuri a aji, wannan ke ma kin sani. Amma sauran ita ce ta fi kowace irin kalma riƙe tarihi dan kusan kowace da ranar haihuwarta. Ɗauki tazarce. A 1998 ta cika gari lokacin da ake kiran Janar Sani Abacha ya zarce da mulki, har riga aka sa wa sunan, ya rasu ran 8 ga Yuni na wannan shekarar amma kalmar ba ta mutu ba, ta tsallaka Nijar a 2009 lokacin da Shugaba Mamadou Tandja ya nemi ƙarin wa'adi har sojoji suka kifar da shi a Fabrairu 2010, yau kuma kowane gidan rediyo da ita yake fassara neman wa'adi na biyu ba tare da wani ya ji ta a matsayin sara ba. Ko santsi da taɓo, da jam'iyyar PRP ta dare biyu a Jamhuriya ta Biyu, ɓangaren gwamnoni Abubakar Rimi na Kano da Balarabe Musa na Kaduna su ne santsi, waɗanda suka tsaya tare da Malam Aminu Kano su ne taɓo. Kafin su akwai sawaba ta 'yan jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, har ta zama sunan Hajiya Gambo Sawaba, a Nijar kuma ta zama sunan jam'iyyar Djibo Bakary sukutum. Banga da ake cewa 'yan banga daga Turanci ta zo a siyasar wancan lokacin, jagaliya da sojojin baka kuma na baya-bayan nan ne.

Ko abin hawan da yaranki ke zuwa makaranta a ciki. A Kano ana ce masa a daidaita sahu, kuma asalin wannan sunan wani shiri ne na gyaran tarbiyya da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kafa, aka kawo babura masu ƙafa uku dan ɗaukar mata, sunan shirin ya manne musu, da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a Janairu 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero sai suka mamaye titi gaba ɗaya. A wasu garuruwan keke napep ake cewa, shi kuma daga sunan shirin rage talauci ne na zamanin Obasanjo, wasu wuraren kuma 'yar ƙurƙura dan ƙarar da take yi. Abu ɗaya suna uku, kowane suna da labarinsa. Haka jabu da muke kiran kayan bogi ana danganta ta da sunan Ijebu, ɗan kwatano kuma kayan hannu ne da ake shigowa da su ta Kwatano ta Jamhuriyar Benin. Na yanzu irin su ya haɗu, ya ɗau wanka, ɗan gayu, alat ya shigo, wasu zasu zauna wasu zasu bi iska, ba ni ko ke ke yanke wannan hukuncin ba bakin jama'a ne, amma yaro ya san cewa wanka a nan ba na ruwa da sabulu ba ne ado ake nufi, wannan shi kansa darasi ne na yadda ma'ana ke faɗaɗa.

Wurin da nake so ki yi taka-tsantsan sosai shi ne asalin kalma na ƙirƙira, irin wanda ake yaɗawa dan yana da daɗin ji. Mafi shahara shi ne wai boko daga kalmar Turanci ta littafi ta fito dan sun yi kama a kunne. Ba haka ba ne, boko kalmar Hausa ce tun kafin Bature, ma'anarta abin da ba na gaskiya ba, algus, abin yaudara, shi ya sa a al'adar biki ake da amaryar boko wadda ake sawa a madadin amaryar gaskiya. Da Hans Vischer wanda ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, iyayenmu da suka saba da allo da ajami sai suka kira sabon karatun da wannan sunan dan raini da rashin yarda, Farfesa Paul Newman ya yi rubutu a kan wannan a 2013 ya warware shi dalla-dalla. Haka masu cewa kalmar Hausa daga "hau sa" take wai dan Bayajidda ya zo a kan wata dabba, wannan hira ce ta dandali ba bincike ba. Ƙa'idar da nake ba ɗalibaina ita ce kama a kunne ba hujja ba ce, kafin ki sa asalin kalma a allo ki duba ƙamus, na Bargery na 1934 yana nan har a intanet kuma yana nuna wadda ta zo daga Larabci ko wani harshen, ga kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 wanda Hausa ce ke fassara Hausa a cikinsa.

Game da ranakun haihuwar manyan mutane kuwa, ki sa waɗanda aka tabbatar, Malam Aminu Kano 9 ga Agusta 1920, Alhaji Shehu Shagari 25 ga Fabrairu 1925, Murtala 8 ga Nuwamba 1938, Sarki Ado Bayero 25 ga Yuli 1930, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo Disamba 1754. Amma zaki lura mutanenmu na da ranar rasuwarsu ta fi tabbata a kan ta haihuwa, ko Sardauna kowa ya san 15 ga Janairu 1966 amma shekarar haihuwarsa wasu littattafan 1909 suke rubutawa wasu 1910. Dalili kuwa Bahaushe ba a takarda yake ajiye ranar haihuwa ba, a suna yake ajiye ta. Ɗanladi da Ladi Lahadi, Altine da Tani Litinin, Talatu da Ɗantala Talata, Bala da Balarabe da Laraba ranar Laraba, Ɗanlami da Lami Alhamis, Ɗanjuma da Jummai Juma'a, Ɗan'asabe da Asabe Asabar. Azumi da Labaran a watan azumi, Sallau da Tasalla da salla, Marka da Anaruwa ana tsakiyar damina. Har matsayin mutum a ɗakin uwarsa sunan na faɗa, Gambo mai bin tagwaye, Tanko namijin da ya biyo mata, Kande macen da ta biyo maza, Auta na ƙarshe. Sai dai yanzu ana gadon sunayen nan, yaro ya ci sunan kakansa Bala alhali shi ran Asabar aka haife shi, dan haka a tambaya tukunna kada a yanke.

Shekara kuma da abin da ya faru a cikinta ake riƙe ta. Ni a takardata 1 ga Janairu aka rubuta kamar dubban 'yan arewa da aka yi wa ƙiyasi ranar shiga makaranta, amma da na zauna da mahaifiyata na tambaye ta ba ta yi ko jim ba ta ce ranar Laraba ce bayan la'asar, shekarar da aka canja kuɗi, gero ya fara fitar da kai amma ruwa ya ɗauke ana ta roƙon ruwa a filin idi. Wallahi wannan bayanin ya fi takardar daidai nesa ba kusa ba, dan ya ba ni 1973, ya ba ni tsakiyar damina, ya ba ni rana, ya kuma haɗa ni da babban farin nan da ya addabi ƙasashen Sahel a farkon shekarun 1970. Yayana kuma shekarar komawa hannun dama, wato 1972 da aka sauya hannun tuƙi a Najeriya ran 2 ga Afrilu, ƙanwarmu shekarar Udoji, ƙarin albashin nan na zamanin Gowon. Tsofaffin da suka gabace su da yunwa suke ƙirgawa, Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, 'Yar Gusau ta farkon shekarun 1940. Watanni ma muna da namu sunayen a gefen na Larabci, watan cika-ciki, watan azumin tsofaffi, watan bawan salla da ke tsakanin salloli biyu. Wannan ilimin ne nake jin tsoron ɓacewarsa dan yana tafiya kabari tare da masu shi kullum, in kika ba yaran nan aikin gida su je su tambayi kakanninsu a wace shekara aka haife su kuma me ya faru a shekarar, su rubuto amsar da kalmomin kakar ba tare da sun gyara ba, zaki tara abin da babu shi a kowane littafi.

Yanzu inda ciwon yake. Ba mota ko asibiti ke cutar da Hausa ba, dan sun shigo ne lokacin da ba mu da sunan abin. Abin da ke ci min rai shi ne Ingausa irin wadda ake ture kalmar da muke da ita lafiyayya ba gaira ba dalili, yaro ya ce zan yi kolin ɗinka alhali ga zan kira ka, ko uwa ta ce wa ɗanta je ka yi itin ga ci abinci a bakinta, da kuma ginin jimla na Turanci da ake sa wa rigar Hausa, irin a ce "a ƙarshen rana" ana nufin daga ƙarshe. Na biyu rubutu. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, tun shekarun 1930 aka daidaita su amma waya ta sa an watsar, yaro ya tashi bai san bambancin baki da baƙi a rubuce ba, ko kafa da ƙafa, bata da ɓata, kare da ƙare. Na uku karin sauti da tsawon wasali wanda ba ma rubutawa amma shi ke raba gari na zama da gari na tuwo, kuka na hawaye da kuka ta miya, wuya na jiki da wuya ta wahala. Irin waɗannan tagwayen ki riƙa sa su a allo ko sau ɗaya a sati, ki sa yara su furta da ƙarfi su saka kowace a jimla, musamman in a ajin akwai waɗanda ba da Hausa suka buɗe baki ba.

Ga ranaku biyu da ya kamata su samu wuri na musamman a allonki, 21 ga Fabrairu ranar harshen uwa ta duniya, da 26 ga Agusta Ranar Hausa wadda matasa suka faro a kafafen sada zumunta a 2015 har ta zama taro a fadojin sarakuna, ita takan faɗo cikin dogon hutu dan haka sai ki yi musu ita a satin farko na komawa. Ki ƙara da 13 ga Maris, ranar da sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri a 1957, ranar sai ki rubuta musu rediyo ki tambaye su wace kalma suka fara ji a rediyo wadda ba a faɗarta a gidansu. Shi kuma abokin aikin naki ki gayyace shi ajin ranar da zaki yi kwabo, in akwai tsohuwar ƙwandala mai huda a tsakiya a gidan wani dattijo a unguwarku ki aro ta ki zo da ita, ki bar yaran su riƙa miƙa wa juna tana zagaya benci-benci kafin ki rubuta komai a allo.